Dabinon Innarki da Ruwan Bakolori

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ku Shagamu lahiya, ke da maigidanki Malam Isa, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe da na baƙon wuri. Na ce wa Malam Isa kada ya ba ki wannan takarda sai mota ta wuce Gusau, lokacin kuka ya lafa, ido ya iya ganin baƙi. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, hannun kuma allura ya saba riƙewa.

Jiya na ji kina ce wa innarki ba ki san yadda za ki iya zaman Kurmi ba, inda ba ki jin harshe, ba ki da kowa. Shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani ɗinki ne, sai waɗannan itatuwa da mutanen kasuwar Mafara ke yi mini dariya a kansu har suka laƙaba mini Garba na Dabino. To da su zan yi miki magana, don yawancin wautar da na yi a duniya a gindinsu na yi ta.

Ina saurayi a tsohuwar Tungarmu ta ƙasar Maradun, bakin gulbi, wani alhaji ya dawo daga Makka ya ba babana dabino tsaraba. Ban taɓa cin irinsa ba. Na tsotse ƙwallayen tas, na kai su bayan gida na binne, na kewaye da ƙaya. Awaki suka cinye duka sai ɗaya. Wannan ɗayan na riƙa yi wa ban ruwa shekara da shekaru, babana yana kallona yana cewa, "Garba, mai shuka dabino jikanai ka ci." Da ya girma ya fitar da wani kube lokacin ɗari, kuben ya tsage, sai ga fure fari mai gari kamar na dawa. Na yi ta murna, na gaya wa duk Tunga. Furen ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya babu. Wata shekara haka, ta gaba ma haka. Samari suka sa ni gaba da tsiya. Rannan raina ya ɓaci, na wasa gatari.

Akwai wani Buzu mai raƙuma, Agali, da ke kawo kanwa yana sauka a zaurenmu duk rani. Shi ya gan ni da gatarin.

"Ina za ka da wannan?"

"Wanga icce zan kasshe. Ya cinye min ruwa a banza."

Ya zo ya ɗaga kai ya duba, ya murza furen a tafin hannu ya sunsuna, sai ya yi dariya har rawaninsa na motsi. "Yaro, wannan namiji ne. Ko ka jira shi har a busa ƙaho ba zai haihu ba."

"To amfaninai mi?"

"Amfanin kowane namiji. Nemo masa mata."

Ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa dabino jinsi biyu ne. Furen namiji a cunkushe yake, fari, mai gari da ƙanshi. Na mace sili-sili ne, da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero jere a jiki. In garin namiji bai kai ga mace ba, 'ya'yanta sai su fito ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, su zube ɗanyu. Ya ce a ƙasarsu hawa ake a ɗaure silin namiji cikin na mace, suna kiran abin aure. Ya kuma ce ya san wani malami a Bakura mai macen dabino a garkarsa, kowace shekara tana zubar da 'ya'ya, malamin yana zaton ciwo ne.

Uwani, da Agali ya makara kaɗan da na sare iccen nan, kuma da ba a haife ki ba, yanzu za ki ji dalili. Saboda haka abin da ba ki gane ba kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Za ki ga abinci da gaisuwa da ɗabi'un da za su yi miki banbaraƙwai. Kafin ki ce banza ne, ki nemi wata tsohuwa a unguwa ki tambaye ta. Tambaya ba ta rage mutum.

Da ɗari ya zagayo na yanko kube ɗaya, na naɗe shi a tsumma, na ari jakin maƙwabci na kama hanyar Bakura. Malamin shi ne kakanki Malam Sambo. Na ishe shi a zaure yana ba da karatu. Na gaishe shi, muka daɗe muna gaisawa, sannan na kwance tsumma na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni ya dubi kuben ya ce, "Na ɗaura aure ba adadi, amma yau na fara ganin an zo nema wa icce. Bismilla, garka tana bakin fadama."

Don in nuna ni gwani ne, na cire riga na rungumi icce na haye ba tare da na datse ƙayar gindin ganye ba. Kin san ƙayar dabino. Ɗaya ta shige mini a dantse har na ga taurari da rana tsaka. Na dai daure na ɗaure silin, na sauko jini na bin hannu. Sai ga wata yarinya ta kawo mini fura daga cikin gida. Ta ajiye ƙwarya, ta dubi hannun, ta kawar da kai tana danne dariya ta ce, "Baƙo, ku can Maradun ba a san wuƙa ba?"

Innarki ke nan. Tabon yana nan har yau. In za ki taɓa abu mai ƙaya, icce ne ko magana, ki fara rage ƙayar tukuna, kuma kada ki yi gwaninta don ana kallo.

A shekarar nan macen ta yi nonnan 'ya'ya har sai da aka tokare su da sanda. Malam ya aiko mini da rabona cikin faifai. Na riƙa komawa kowane ɗari, wani lokaci ma ba ɗari ba, sai in ce na zo duba icce. Malam ba yaro ba ne. Ya kira innarki ya tambaye ta, ta rufe fuska ta gudu, ya kira ni ya ce in turo manya. Ranar da aka kawo ta Tunga, cikin kayanta har da wani abu a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Mata suka buɗe suna zaton abin gara ne, sai ga ɗan dabino da ta sa aka ɓanɓaro daga gindin na babanta. Aka yi ta shewa. Ita ce ta koya mini cewa ƙwallo caca ce, ba ka san namiji zai ba ka ko mace ba, in ma macen ce ba lalle ta yi zaƙin uwarta ba. Amma ɗan da ya tsiro a gindi, uwarsa ce sak. Muka dasa shi kusa da namijin nawa.

Ban san ko kina tuna Tunga sosai ba. Kina tuna giginyoyin da suka yi layi a bakin gulbi? In 'ya'yan sun nuna sai ki ji tim a ƙasa, ƙanshi ya cika fadama, ku yara ku zuba da gudu. Kin taɓa rungumo ɗaya da ta kusa kai girman kanki, kika ƙi a karɓa miki har gida, bakinki duk ya yi ja. Ƙwallayen mukan tara su mu binne a tudun yashi, bayan damina mu tone muruci, innarki ta dafa. Kaba kuwa daga gorubar bayan gari ake yankowa, tsofaffi suna saƙar tabarma a inuwa suna gardamar wanda ya fi wani kamun kifi da ƙuruciya. Azarar ɗakin da aka haife ki ta namijin giginya ce, kakana ya sa ta, gara ba ta taɓa ko kusantarta ba. Mu a lokacin ba mu san muna cikin daɗi ba. Mun ɗauka haka duniya take.

Sai aka fara ganin motoci da mutane masu dogayen sanduna suna awo. Aka ce za a tare gulbi a Bakolori, ruwa zai ci garinmu. Na ce ƙarya ne, wa ya isa ya tare gulbi? Innarki ta ce, "Ko ƙarya ce, mu tara iri mu aje." Na ce ta bar ni da zancen mata. Mutane suna ta shiri ina ɗinkina. Ban farka ba sai da aka ce kowa ya tashi, ga shi ana tsakiyar zafin bazara, lokacin da ba a dashe. Na ɗauki magirbi kamar mahaukaci ina tonon 'yan giginya da 'yan goruba da na rena. Ashe su ba a tayar da su. Tun kafin ganye ya leƙo sama, saiwarsu ta riga ta nutsa ƙasa fiye da tsawon hannu, in ka tsinke ta shi ke nan. Duk wanda na tono ya mutu. Da na ji maganarta na cika buhu da ƙwallo, da yanzu ina da garka guda.

'Ya'yan dabino kuma, masu tsirowa a gindi, muka ɓanɓaro daga jikin macen tamu. Na ƙi rage wa nawa ganye, ina jin tausayinsu, ga su kore shar. Innarki ta ɗauki nata guda ɗaya ta datse ganyen saura na tsakiya, ta ɗaure su wuri ɗaya, ta naɗe gindin da laka da buhu. Na ce, "Kin kashe shi." Ta ce, "Ba shi da saiwar da za ta ɗauki wanga kaya duka." Nawa ganyen ya janye ruwan jikinsu suka bushe. Nata shi ne wanda kika tsaya a gindinsa jiya.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. In abu ya taho, ƙin yarda ba ya mayar da shi, sai dai ya cinye miki lokacin shiri. Na biyu, ke da mijinki ku riƙa jin maganar juna. Na faɗa masa wannan shi ma, a gaban idonsa.

An ba mu fili a sabon matsuguni, amma fako ne da tsakuwa, ruwa da nisa. Na ga ba za mu iya ba, na kwaso ku muka dawo Mafara na kafa keke a kasuwa. Abin da ya biyo baya tsakanin manoma da masu aikin dam kin ji da kunnenki, ba a takarda zan sa shi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A can Bakura kuma aka zo daidaita ƙasa don a ja hanyoyin ruwa, katafila ta shiga garkar kakanki da hantsi, kafin azahar ba icce ko ɗaya a tsaye. Da ya zo ganinmu ya tsufa ƙwarai. Innarki ta kama hannunsa ta kai shi bayan ɗaki inda ɗan dabinon yake cikin kewayen zana. Ya durƙusa ya taɓa ganyen ya ce, "To, ita ɗai ta rage. Garba, amana."

Wannan kalma ta amana ita ta kusa sa ni kashe shi. A shekarun nan takin zamani ya shigo tare da aikin dam, kowa na yabonsa, masara tana yin duhu. Na ce bari in sa iccen nan ya yi sauri Malam ya ci kafin ya bar duniya. Na samo farin takin na tula a gindinsa, manne da jiki, ban gaya wa kowa ba. Ba a jima ba bakin ganye ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta, yana ci yana shiga ciki. Innarki ta tona gindin da yatsa ta ga farin abu. Ta dube ni. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko fartanya ta miƙo mini, ita ta ɗauki tulu. Na kwashe ƙasar gindin duka na zuba sabuwa, muka wuni muna jido daga rijiya muna kwarara masa don ruwa ya wanke sauran. Ganye duk ya tafi sai ɗan tsinin tsakiya. Kullum da safe sai in je in ja shi a hankali, don in ya zare a hannu to icce ya mutu. Bai zare ba. Da ruwan farko ya sauka ya buɗe.

Tun daga nan ga yadda nake ciyar da shi, ki riƙe ko don gaba. Kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya huce, ba ɗanye ba. A haƙa rami zagaye nesa da jiki, daidai inda inuwar ganye ta tsaya, don can bakin saiwar yake. A zuba, a barbaɗa toka kaɗan, a rufe, a ba shi ruwa mai yawa ya nutse, sannan a ƙyale shi ya nema. Ruwa kaɗan-kaɗan kullum saiwa yake lalatarwa, ta zauna a sama. In ganyen ƙasa ya yi rawaya shi kaɗai, tsufa ne, ba yunwa ba. Kada a yanke ganye yana kore. Mutum ma in kina sonsa kada ki tula masa komai rana ɗaya, kyauta ce ko nasiha. In Allah Ya ba ki 'ya'ya za ki tuna na faɗa.

Da ya isa fure sai ga wata matsala, namijin nawa yana ƙarƙashin ruwa. Na yi ta cigiya a kasuwa har wani mai kawo gyaran riga ya ce a Morai akwai wani da ke da dabinon banza a gidansa, yana shirin sarewa. Ban ƙarasa ɗinkin ba na kama hanyar Morai, na ishe namiji ne, na yanko kube na zo na ɗaura. Kakanki ya ci 'ya'yan fari. Haƙoransa sun ƙare, sai da innarki ta jiƙa masa a ruwa. Ya tsotsa ya rufe ido ya ce, "Ita ce." Damina ba ta zagayo da shi ba.

Kin roƙe ni in ba ki ɗan dabino ki tafi da shi, na hana. Ba rowa ba ce. Fatake sun gaya mini ruwan Kurmi ya yi masa yawa, zai yi ganye amma 'ya'yan su ruɓe kafin su nuna. Can nasu kwakwa ne. Ta manja jikinta kaushi, 'ya'yanta jajaye a dunƙule cikin ƙaya. Ta attagara siririya ce mai santsi, takan ɗan karkata, 'ya'yanta manya da ruwa a ciki. Ki koyi sunansu da harshen mutanen wurin. In kun sami ko ɗan lungu ne a gidan haya, ki shuka abin da ƙasar ke so, ki bar wa maƙwabta su tsinka. Mu kuma nan mun haƙura. Dama an ce inuwar giginya na nesa ka sha.

Saura abu ɗaya da ba ki sani ba. A shekarar farin nan da ruwan dam ya ja baya ƙwarai, masunta suka riƙa cewa ana ganin itatuwan tsofaffin garuruwa sun fito. Rannan ina karyawa innarki ta ce, "Malam, ka kai ni in gani." Kafin ke mun haifi ɗa namiji, Auwalu. Bai kai yaye ba ya koma, aka sa shi a bayan ɗakinta kamar yadda ake yi wa jarirai. Ba ta taɓa ambatonsa ba tun da muka taso, ni ma haka. Kuma duk shekarun nan gidanmu na Mafara ba ta kiransa gida, sai ta ce masauki.

Muka ce muku za mu gaisuwa Maradun. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Uwani, ba gini, ba hanya, ba tudu, ruwa ne shimfiɗe ko'ina, sai kututture baƙaƙe tsaye ba ganye. Masuncin ya ce, "Baba, nan fa duk ɗaya ne, ba mai gane wuri." Na ce ya dai tuƙa. Na hango masu rassa biyu kamar gwafa, na ce waɗancan goruba ne, ita kaɗai ke rabuwa a sama, to nan ne bayan gari. Muka karkata. Sai ga dogaye sambal masu kumburin ciki a sama da tsakiya, a jere, na ce ga giginyoyin bakin gulbi. Na sa ya bi tsakaninsu ya yi gabas. Can sai ga guda biyu kusa da juna, gajeru, jikinsu da tsaga-tsaga kamar matakala, ɗaya ya karye a rabi. A duk Tunga gida ɗaya ne mai dabino.

Masuncin ya kafa gora ya tsayar da jirgi. Innarki ta kama kututturen macen da hannu ɗaya, ta dubi inda ɗakinta yake, ta auna da ido, ta nuna wani wuri a kan ruwa. Ya matsa da mu. Ta sa tafin hannunta a kan ruwan, ta daɗe haka, bakinta na motsi. Ni da masuncin muka ɗaga hannu muka yi fatiha. Kifi na ta wasa a gefenmu. Da ta gama ta shafa ruwan a fuska, ta gyara mayafi, ta ce, "To, na ga wurinai. Malam, rana na yi, yara na jira. Mu tahi gida."

Na dube ta, don ban san wane gida take nufi ba. Ta nuna yamma da haɓa, wajen Mafara.

Ke ma ranarki za ta zo. Ba yau ba, ba kuma da ƙarfi ba. Kada ki ga laifin kanki in kin yi kewa, kada kuma ki ji kunyarmu ranar da bakinki ya kira Shagamu gida. Ranar za mu san kin zauna.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaida maƙwabci ko bai amsa ba. Allah Ya tsare ki gaba da baya, Ya sa ki shiga da ƙafar dama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ku zaman lahiya da zuri'a mai albarka. Na yafe miki duniya da lahira, innarki ma ta yafe. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Ni ne babanki,
Garba Tela, Talata Mafara.